Dalma a Cikin Tuwo: Matakan Rage Ƙarafa Masu Guba a Hatsi da Wake Ga Mazauna Legas

Duk mai cefane a Legas ya san fargabar wake mai fiya-fiya. Ana ɗiba a shinshina, a fasa ƙwaya a duba, wasu ma sun fi sakin jiki da waken da ƙwaro ya ɗan huda, wai shaida ce ba a zuba masa magani ba. A ƙarshen 2016 kuma gari ya ɗauka da zancen shinkafar roba, bayan jami'an kwastam sun kama wasu buhuna a Ikeja, kafin gwajin NAFDAC ya nuna babu roba a ciki, ƙwayoyin cuta ne suka yi mata yawa. Muna tsoron irin waɗannan ne domin hanci ko ido ko bakin mutane na iya kama su.

Akwai gubar da ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sauya launin tuwo, kuma wuta ba ta kashe ta. Ita ce ta ƙarafa irin su dalma da kadmiyam da zaiba, da arsenik wanda ake lissafawa a sahunsu. Ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.2 a kilon hatsi, da miligiram 0.1 a kilon wake. A buhu mai kilo 50 na dawa, miligiram 10 ke nan, abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai bai sani ba.

Wannan ba dalilin ƙaurace wa hatsi ba ne. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta fitar da sakamakon gwajin kayan kasuwa da ta yi a ƙasashe 25, har da Najeriya. Busasshen abinci da ya wuce ƙa'idar dalma ƙalilan ne ƙwarai, amma kusan rabin tukwane da kwanukan ƙarfe sun wuce. Abin da ya faru a Zamfara ma wannan darasin ya bari. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, daga baya Bagega, inda aƙalla yara 400 suka rasu. Ana kawo dutsen zinare cikin gida a daka shi a turmi, a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi. Masu binciken da suka bi sawun abincin ƙauyukan sun tarar yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba daga gona ta taso ba, bayan girbi ta shiga: wurin sussuka, shanya, daka da niƙa. A 2015 irin haka ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

To, mazaunin Agege ko Idi-Araba ba shi da iko da ƙasar gonar da aka noma geronsa. Amma shanya, awo, inji, ruwa da tukunya duk a hannunsa suke, kuma a nan yawancin aikin yake.

Me kowanne cikin ƙarafan nan ke yi wa jiki?

Dalma ce ta fi cancantar damuwa a gidan da akwai yara. Hanjin ƙaramin yaro yana ɗaukar ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke ɗauka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya illa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa: jinkirin magana, rashin mayar da hankali, saurin fushi, wahalar ɗaukar karatu, kuma abin da ta ɓata a nan ba ya cika dawowa. Tana taruwa a ƙashi da haƙori shekara da shekaru, idan mace ta samu ciki sai ta fito ta koma jini ta kai ga abin da ke cikinta. Ga manya, tana da hannu a hawan jini, ciwon ƙoda da ɓari.

Kadmiyam ƙoda yake zama, kuma sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya bar jiki. A lardin Toyama na Japan, ruwan wata mahaƙa ya gurɓata kogin Jinzu da ake shayar da shinkafa da shi, mata suka riƙa fama da ciwon ƙoda da karayar ƙashi ba tare da wani hatsari ba. Cutar ita ake kira itai-itai, kuma a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince kadmiyam ne sanadi. Yana shiga gona ta wasu takin zamani masu fosfet da kuma ruwan masana'antu. Waken suya da gyaɗa na cikin amfanin gonar da ke jan shi daga ƙasa.

Shi kuwa arsenik abokin shinkafa ne, domin ana noma ta cikin ruwa kwance, yanayin da ke sake shi daga ƙasa saiwa ta zuƙa. Idan ya daɗe yana shiga jiki yana kawo ɗigo-ɗigon baƙi a fata, kaurin tafin hannu da na ƙafa, da kansar fata, mafitsara da huhu. Zaiba ta fi zuwa ta kifi da wuraren wanke zinare, hatsi ba babbar hanyarta ba ce.

Mataki na 1: A kasuwa

Hatsin Legas kusan duk baƙo ne. Tireloli ke sauke shi a Iddo da Mile 12, shinkafa kuma Daleko ce matattararta, yawanci daga manyan kasuwannin Arewa irin Dawanau. Muna da wata fa'ida da sauran mazauna gari ba su da ita: masu sayarwar 'yan'uwanmu ne, harshenmu ɗaya. Bayan gaisuwa, babu laifi a ce, "Alhaji, wannan dawar ta wane gari ce?" Ɗan kasuwar da ya san kayansa zai faɗa har da kasuwar ƙauyen da aka auno ta. Hatsin da aka noma ko aka sussuka a ƙauyen da ake daka dutsen ma'adinai, ko aka shayar da ruwan da ke gangarowa daga masana'antun fata irin na Challawa da Sharada a Kano, a bar shi. Sai dai kada a yi wa jiha guda kuɗin goro. Zamfara ƙasa ce mai faɗi, kuma akasarin gonakinta ba su da haɗi da mahaƙa.

Daga nan sai a zura hannu can cikin buhu, ba saman da aka gyara don mai saye ba. Idan hannu ya fito da ƙura, ko an ga yashi da tsakuwa da ɓaraguzan kwalta, an shanya hatsin ne a ƙasa ko a bakin titi. An daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, amma wadda ta riga ta zuba a ƙasar gefen manyan hanyoyi tana nan, domin dalma ba ta ruɓewa.

A dubi buhun kansa. Wanda aka taɓa zuba taki, siminti ko sinadarin masana'anta a ciki bai dace da abinci ba ko an kaɗe shi. A dubi ma'aunin: a Legas da robar fenti ake awon wake da garin kwaki, to idan tsohuwar robar fenti ce ta gaske wadda har yanzu busasshen fenti ke ɓarewa a cikinta, a nemi a auna da wata, domin wasu fenti masu mai, musamman ruwan ɗorawa da ja, da dalma ake haɗa su. A kuma dubi maƙwabtan rumfar. Buhu a buɗe kusa da mai cajin batir, mai walda ko inda ake ƙona taya yana shan abin da iska ta kawo.

Hatsi ko wake mai launin ruwan hoda, ja ko kore a jikin ƙwaya iri ne da aka yi wa magani don shuka, ba abinci ba ne, kuma wanki ba ya halatta shi. A Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, mutane suka wanke irin alkamar da aka yi wa maganin zaiba suka yi burodi da shi, fiye da 6,000 aka kwantar a asibiti, sama da 400 suka rasu. Magungunan iri na yau ba na zaiba ba ne, amma guba ne duk da haka.

Abu na ƙarshe a kasuwa, wanda mutane ke rainawa: kada gida ya shekara yana cin kayan wuri ɗaya. Sauya mai sayarwa da garin da hatsin ya fito yana hana gubar gona ɗaya taruwa a jikin iyali ɗaya.

Mataki na 2: Gyara a gida

Abin da iyayenmu mata ke yi tun can shi ne daidai, gaggawar birni ce ta sa muka rage. A sheƙe, a bakace, a tsince, a rairaye, sannan a wanke sau biyu ko uku har ruwan ya fito fes. Dalmar da ta shiga bayan girbi a ƙura take, a jikin ƙwaya, saboda haka wanki na fitar da kaso mai kyau. Surfe ma yana taimakawa, tunda dusa ce ke riƙe da dattin waje. Wake a jiƙa shi a zubar da ruwan jiƙon, na alale da ƙosai kuwa dama ana cire masa bawo.

Ƙarfen da saiwa ta zuƙa ya shiga cikin tsaba, musamman kadmiyam, wanki ba ya kai masa. Wannan sai dai sauya wurin saye.

Bayan wanki sai shanya, kuma a nan ake mayar da hannun agogo baya a gidajen haya. Tsakar gida ƙarama ce, janareto na gefe, sai a baza gero a kan siminti ko a bakin layi. A samu tabarma ko babban tire, a ɗora a kan benci, a rufa da mayafi mai shara-shara, nesa da hayaƙin janareto da bangon da fentinsa ke ɓarewa. Kada a shanya a kan kwanon rufi mai fenti ko tsatsa.

Mataki na 3: Wurin mai inji

Nan ya kamata a fi sa ido, kuma nan aka fi sakaci, domin yawanci yaro ake aika.

Injin niƙa da na markaɗe faranti biyu ne na ƙarfe masu haƙora da ke gogar juna. Suna cinyewa, shi ya sa ake kai su wasawa ko a sauya su, kuma ƙarfen da ya cinye ba wani wuri ya tafi ba, cikin gari da ƙullu ya shiga. Mafi yawansa baƙin ƙarfe ne, wanda ba shi ne abin tsoro ba. Matsalar ita ce farantan da ake ƙerawa da narkakken gwangwan, inda babu mai tantance abin da aka jefa cikin wuta. An ma taɓa ganin inji ya zama shi ne tushen annoba: a farkon shekarun 1980, a ƙauyukan yankin Nablus na Falasɗinu, an gano iyalai na cin dalma a garin alkama saboda da narkakkiyar dalma aka liƙe sandar da ke juya dutsen niƙa.

Don haka uwargida ko maigida ya je da kansa ko sau ɗaya ne ya ga wurin. A tambaya, "Malam, yaushe aka wasa farantin nan?" Idan yau ne ko jiya, a bari a fara wuce da dusa ko wani abin da ba na ci ba, domin niƙan farko bayan wasawa shi ya fi kwasar ƙarfe. A markaɗe, a sa ya fara zuba ruwa ya wanke injin, a zubar da baƙin ruwan farko, kada a tare shi a cikin roba. Idan ƙullun wake ya fito da launin toka-toka, faranti ya matse da yawa, ƙarfe na cin ƙarfe. A leƙa inda sandar ke shiga a ga ko giris ko baƙin mai na ɗiga cikin abinci. A leƙa cikin mazubin, kada ya zama an shafe shi da fenti don ya yi kyau.

Sai babbar tambaya: me kuma ake niƙawa a injin nan? Wanda ake niƙa dutse, kwalli, gawayi, kayan fenti ko wani abin da ba abinci ba, a yi masa sallama gaba ɗaya, ko da shi ne mafi kusa da gida.

Akwai ɗan gwaji mai sauƙi. A naɗe mayen ƙarfe a leda mai tsabta a juya shi cikin busasshen gari. Idan ya fito da baƙin gashi-gashi na ƙarfe da yawa, farantin na zuba. Mayen ƙarfe ba ya kama dalma, saboda haka fitowarsa fes ba shaidar tsabta ba ce, amma fitowarsa baƙi ya isa dalilin sauya mai niƙa. Kunun jariri kuwa, idan akwai bilenda a gida, gara a markaɗa shi a nan, tunda ba shi da yawa.

Mataki na 4: Ruwa

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko arsenik, sai ma ya ƙara musu kauri yayin da ruwan ke ƙonewa. Ma'aunin WHO ga ruwan sha shi ne maikrogiram 10 a lita ga kowannensu. Yawancin unguwanninmu da rijiya, burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. Wanda ke zaune kusa da babban juji irin na Olusosun a Ojota ko Solous a Igando, ko kusa da masana'anta, ya dace masu gidan su haɗa kuɗi a gwada ruwan ko sau ɗaya. A tambayi mai ruwa inda yake ɗebowa, a ƙi jarka ko duron da aka taɓa zuba sinadari ko ruwan batir. Idan famfo ya kwana ba a buɗe ba, a bar ruwan farko ya zuba a yi wanki da shi.

Mataki na 5: Dafa shinkafa

Wanke shinkafa kaɗai ba ya rage arsenik sosai. Ruwan dahuwa ke fitar da shi, da sharaɗin a zubar da ruwan. Hukumar abinci ta Amurka, FDA, ta ce dafa shinkafa cikin ruwa ninki 6 zuwa 10 sannan a tsiyaye yana rage kashi 40 zuwa 60 cikin 100, sai dai yana tafiya da wasu sinadarai masu amfani.

Masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun gwada wata hanya da ta fi dacewa da girkinmu, wadda ta cire fiye da rabin arsenik ba tare da asarar amfani mai yawa ba. Ga kowane kofin shinkafa a tafasa kofi 4 na ruwa. Sai ya tafasa za a zuba shinkafar, a bar ta minti 5, a tsiyaye a zubar da ruwan. A zuba sabon ruwa kofi 2, a rufe, a rage wuta har ta tsotse. Duk macen da ta taɓa yin dafa-duka ko jalof ta san wannan tafasar farko. Abin da za a ƙara kawai shi ne a yawaita ruwan, kuma a yi ta ko da tuwon shinkafa za a tuƙa, inda aka saba bari shinkafar ta shanye ruwanta duka. Ta waina da sinasir a jiƙa ta ta kwana, a zubar da ruwan, a ɗauraye kafin markaɗe.

Arsenik ya fi taruwa a bayan ƙwaya, don haka shinkafar da ba a goge sosai ba, irin Ofada, ita ta fi buƙatar wannan tafasar. Ba cewa ake a daina cinta ba, tana da amfaninta.

Mataki na 6: Tukunya

Babbar tukunyar ƙira mai kauri, wadda masu abincin sayarwa da gidan biki ke ɗorawa a murhu, da narkakken alminiyam ake zuba ta: gwangwanin lemo, sassan inji, radiyeta, tsofaffin kayan lantarki. Wasu daga cikin waɗannan na ɗauke da dalma da kadmiyam. Binciken da aka wallafa a 2014 kan irin tukwanen nan a Kamaru ya nuna suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Ba kowace ce haka ba, amma mai saye ba shi da hanyar bambancewa.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana. Abincin yaro da na mai ciki a dafa shi a tukunyar sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Ko ƙarama ɗaya aka saya ta isa. Idan dole sai da tukunyar ƙira, to kada a dafa mai tsami a cikinta: kunun tsamiya, zoɓo, miyar yakuwa, miyar tumatir mai daɗewa a wuta, ko jiƙon gasara da ake bari ya yi tsami. Kada abinci ya kwana a ciki, da an sauke a juye. Kada a kankare ta da soson ƙarfe ko yashi har ta yi ƙyalli, domin dusasshen saman nan shi ke ɗan tare ƙarfen. Wadda cikinta ya yi ramuka-ramuka ta gama aiki, a mayar da ita ta ruwan wanki. Tafasa ruwa a sabuwar tukunya a zubar yana fitar da dattin ƙira, amma ba ya mayar da mai dalma ta zama marar dalma.

Kwanon samira da fentinsa ya ɓare, da tangaran mai zane kala-kala a ciki wanda ba a san inda aka yi shi ba, su ma a ajiye su don ado. Ƙosai da awara masu zafi kada a naɗe su a jarida ko takardar siminti.

Mataki na 7: Cimar gida da ƙurar wurin aiki

Shinkafa ta mamaye girkin Legas domin saurinta, har akwai gidan da safe da rana da dare ita ce. Gero, dawa, masara da acha ba sa ɗaukar arsenik kamar ta. A dawo da tuwon dawa, fura, burabusko da faten acha cikin mako, kuma kada shinkafa ta zama ita kaɗai ce abincin yaye. Jikin da ke da ƙarancin jini ya fi zuƙar dalma da kadmiyam, haka cikin da babu komai a ciki. Saboda haka yaro ya karya da wuri, a riƙa ba shi wake, hanta, ƙwai, nono, zogale da alayyafo, da lemo ko gwaba. Wannan rage zuƙa yake yi, ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye. 'Yan'uwanmu da yawa a garin nan da gwangwan suke ci: jari-bola, fasa batir, ƙona waya don cire jan ƙarfe, walda, gyaran radiyeta, fenti. Ƙurar da ke jikin riga da takalmi da farce tana iya wuce duk abin da ke cikin buhun hatsi. Mai irin wannan sana'a ya sauya kaya a wurin aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a kwano, a wanke kayan aikinsa daban. Kada a ajiye buhun abinci a ɗakin da ake tara gwangwan, kada baron da ya ɗauki batir ya ɗauko wake daga kasuwa. A Ogijo, kan iyakar Ikorodu da jihar Ogun, hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta rufe wasu masana'antun narka batir a 2025 saboda gurɓata muhalli. Duk mai zama ko aiki a irin wannan yanki ya ɗauki gwajin jinin yaransa da muhimmanci.

Mataki na 8: Gwaji

Alamomin dalma a yaro suna kama da na cututtuka da yawa: ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙin cin abinci, ƙarancin jinin da ba ya jin magani, kasala, idan ta yi tsanani amai da jijjiga da suma. Yawancin yaran ma ba sa nuna komai. Gwajin jini ne kaɗai ke faɗa. A gaya wa likita ƙarara, "Ina son a duba dalma a jinin yaron nan," a faɗi sana'ar mahaifinsa da unguwar da ake zaune. Likitocin yara a manyan asibitocin koyarwa irin LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja za su iya nuna inda ake yi. A ƙa'idar WHO ta 2021, idan dalma ta kai maikrogiram 5 a desilita na jini, a nemo inda take shigowa a toshe. Idan ta kai 45 a yaro, ana duba yiwuwar ba shi maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, irin wanda aka ba yaran Zamfara, kuma likita kaɗai ke ba da shi. Madara, manja, gawayi da jiƙe-jiƙen wankin jini ba sa wannan aikin. Idan sakamako ya yi sama, a duba kwalli ma: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a Boston da dalma ta hau jininsa ta tozalin da aka kai daga Najeriya, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ne.

Gwajin hatsi ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa, masu abincin sayarwa ko makarantar kwana ba. Ana iya tuntuɓar cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, da ke Oshodi, sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, ko ɗakin gwaji mai rajista da IPAN, cibiyar ƙwararrun masu gwajin kayayyaki ta Najeriya. Ƙorafin abincin da ke cikin leda mai lamba NAFDAC ake kai wa, na hayaƙi da ruwan masana'anta kuma hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, a Alausa.

A ɗebi samfur daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a ƙulla kamar rabin kilo a sabuwar leda, a rubuta ranar da garin da ya fito. A ce a duba dalma, kadmiyam da arsenik. Idan takardar ta fito, a gwada ta da ma'aunin Codex: dalma 0.2 a hatsi da 0.1 a wake, kadmiyam 0.1 a gero, dawa, masara da wake, 0.2 a alkama, 0.4 a gogaggiyar shinkafa. Arsenik mai guba 0.2 a gogaggiyar shinkafa da 0.35 a wadda ba a goge ba, duk miligiram a kilo. Idan kuɗi ya isa, a kai samfur uku daga buhu ɗaya: tsaba, garin da aka niƙo daga ita, da tuwon da aka tuƙa da garin. Idan tsabar ce ta yi sama, a sauya mai sayarwa. Idan a gari adadin ya tashi, inji ne. Idan sai a tuwo, a binciki ruwa da tukunya.